Awon Hannun Baba

Ni ba na sayar wa mutum sandar fatsa sai na riƙe hannunsa. Wannan doka ce a rumfata, kuma duk wanda ya san gindin gadar Wudil ya san da ita. Ka zo da mota ko ka zo a ƙasa, sai ka zauna a kan bencin nan ka miƙo hannu. In auna daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu da igiya, in duba faɗin tafi, sannan in sa hannuna cikin naka in ce ka matse. A matsar nan nake jin komai: ko kai mai gaggawa ne da zai fizgi kifi tun bai haɗiye ƙugiya ba, ko mai sanyin jiki ne da zai bari tarwaɗa ta gudu da sandar. Wani yakan yi dariya ya ce na zama likita. Wani ya ɓata rai ya ce shi sanda ya zo saye, ba gaisuwa ba. Sai in nuna masa hanyar kasuwa, in ce akwai na kamfani can a rataye, duk tsawonsu ɗaya, ya je ya zaɓa. Ina da saurin fushi, ba na ɓoyewa, amma akasarinsu sukan dawo su zauna.

Gorar da nake aiki da ita direbobin manyan motoci ke ɗauko mini daga kudu, ɗanya shar. Ba na taɓa ta sai ta sha hayaƙi a saman madafin gidana rani guda, ta yi launin zuma. Sannan in gasa ta a kan garwashi gaɓa-gaɓa, ina danna ta a gwiwata har ta miƙe, in goge ta da sanfefa, in lanƙwasa 'yan zobban da zare zai bi da wayar ƙafar keke, in ɗaure su da zaren dukawa, in shafe da banish. Duk wannan kowane kafinta mai haƙuri zai iya. Inda aikin yake shi ne mariƙi. Da icen maɗaci nake sassaƙa shi, in fitar wa babban yatsa kwarinsa, in bi kwanciyar sauran yatsun, in naɗe da fatar akuya. Idan ya yi daidai, mutum zai wuni a bakin kogi ya manta yana riƙe da wani abu.

Na riƙe hannaye iri-iri a kan bencin nan. Na malaman jami'a masu taushi, na mahauta, na dillalan shanu da ke biyowa ranar Juma'a in kasuwa ta tashi, na wani tsohon ma'aikaci da likita ya ce ya nemi abin da zai kwantar masa da hankali. Hannu ɗaya ne a garin nan na kai shekarun girma ban taɓa riƙewa ba, na mahaifina.

Ni ne ɗan fari. Yaran yanzu da ubanninsu ke ɗora su a wuya ana ɗaukar hoto a waya ba lallai su gane abin da nake nufi ba. A gidanmu ɗan fari abin kunya ne ga iyayensa. Da aka yaye ni aka kai ni wajen Gwaggo, yayar Baba, mai suyar kifi a gindin gada, ita ta riƙe ni. Baba bai taɓa kiran sunana ba, Inna ma haka. In na zo gaishe shi, daga bakin soro nake durƙusawa, ya amsa yana kallon wani wuri. In yana da saƙo, ko ina tsugune a gabansa, sai ya juya wajen Gwaggo ko wanda ke kusa ya ce, “A gaya wa wancan…” Har ƙannena suka ɗauka, in suna son tsokanata su kira ni Wancan. Ban taɓa zargin ba ya sona ba. Duk ranar da ya yi kamu mai kyau, kifin da ya fi kowane girma gidan Gwaggo yake zuwa, ba saƙo ba bayani, ita kuma ta ajiye mini tsakiyar.

Baba masunci ne na gado, kuma da birgi yake aiki, ragar nan mai dalma a baki da ake wurgawa ta buɗe a kan ruwa. Wanda bai ga Baba a tsaye a goshin kwale-kwale yana jefa birgi ba bai ga jifa ba. Ni kuwa Allah bai ba ni ba. Duk sadda na jefa sai ta faɗa a dunƙule kamar jiƙaƙƙen zane. Da na gaji da dariyar sa'o'ina na tafi koyon kafinta, daga nan na faɗa yin sanduna, don na ga masu zuwa fatsa ranar hutu suna fama da karare da rassan dalbejiya. A wajen Baba kuwa fatsa aikin yara ne da waɗanda ba su da abin yi. Yakan ce masunci ba ya zama yana roƙon kifi ɗaya-ɗaya, shiga yake ya kwaso. Ranar da na kafa rumfa ya aiko Gwaggo da saƙo: a gaya wa wancan an gode, ya buɗe wa gari shagon sandar korar kaji. Na yi kwanaki ina huci, Gwaggo tana dariya har da riƙe ciki. Shekaru suka wuce, sana'a ta kankama, ana bugo mini waya daga Kano da Dutse, amma Baba bai taɓa taka rumfar ba. In hanya ta biyo da shi, ta ɗaya ɓangaren titi yake bi.

Wani ƙarshen damina yana cikin jan birgi ya sulale a cikin kwale-kwale. Abokan sana'arsa suka ɗauko shi. Hawan jini ne, ɓarin dama ya shanye. Muka yi zaman asibiti a Kano, Allah ya sa da sauran kwana. Baki ya dawo daidai, ƙafa ta dawo ko da yake yana ɗan janta, amma hannun dama ya ƙi. Yana nan a jikinsa, sai dai a ɗaga shi a ajiye.

Da muka dawo gida kowa ya yi hamdala, muka ɗauka an wuce wurin. Ashe lokacin aka fara. Soron gidanmu yana kallon hanyar da masunta ke bi su gangara kogi. Baba ya sa aka juya masa tabarma, ya ba hanyar baya. Ya ce ƙannena su sayar da kwale-kwalen, suka yi ta yi masa hanya-hanya. Ya hana a sa masa kifi a miya, wai ƙarni yake ji, mutumin da tun yana goye kifi yake ci. Likita ya ce ya riƙa tafiya kullum, shi kuwa daga ɗaki sai soro, daga soro sai ɗaki. Rigunansa suka fara yi masa yawa.

Wata rana da azahar Gwaggo ta bar kaskonta a wuta, abin da ba ta taɓa yi ba, ta tsallako rumfata.

“Kai, ɗan nan, ajiye abin nan ka saurare ni. Ubanka ba ciwo ne zai kashe shi ba, zama ne. In bai koma bakin ruwan nan ba, ba zai ga wata damina ba. Ni na goya shi, na san shi.”

Na ce, “To, Gwaggo, ya za a yi? Birgi hannu biyu take so.”

“Sandar fatsarka fa? Ba da hannu ɗaya ake riƙewa ba? Yi masa.”

“Mutumin da ya ce sandar korar kaji nake sayarwa?”

“Yanzu ko kajin ba ya korawa. Yi masa, ni zan kai.”

Na yarda, amma nan take na ga inda matsalar take. Ba na yin sanda sai na riƙe hannu, kuma babu ta yadda zan je in durƙusa a gaban Baba in ce ya miƙo hannunsa in matsa. Ko a asibiti ƙannena ne ke juya shi suna goge masa jiki, ni ina bakin ƙofa ina zirga-zirgar magani. In na matso sai ya rufe ido. Don haka na shiga satar awo. Na je wajen telansa na karɓi tsawon hannun riga. Inna kuma, ba tare da ta dube ni ba, ta ajiye mini wani ƙunshi a kan turmi ta shige ɗaki. Da na buɗe sai na ga wuƙarsa ta gyaran kifi. Ƙotar ta sha riƙo shekara da shekaru har itacen ya lotsa, kowane yatsa da gurbinsa. Na sa hannuna a kai na bi gurbin yatsun. Na ce shi ke nan, ga hannun Baba an kawo mini har gida.

Ban taɓa yin sanda kamar wannan ba. Na zaɓi gorar da na daɗe ina ɓoyo, na ture aikin mutane gefe, na bi ƙotar wuƙar nan gurbi-gurbi har mariƙin ya fito kamar tagwayenta. Maiɗakina ta ce ko ranar aurenmu ban yi wannan rawar jiki ba. Da banish ya bushe na miƙa wa Gwaggo, na bi ta a baya, na raɓe a jikin katanga inda nake hangen cikin soro.

Ta yi sallama ta ajiye masa a gaba. “Ga shi, in ji wancan.”

Ya daɗe yana kallonta. Na ɗauka zai ce a fitar masa da ita, sai na ga ya kai hannun hagu ya ɗauka. Ya riƙe, ta ƙi zama. Ya juya ta, ya sake riƙewa, kwarin babban yatsa yana can ɗaya gefen, tudun yana tokare masa tafi. Sai ya kwantar da ita a cinyarsa. Ya sa hannun hagu ya ɗago na daman, ya ɗora a kan mariƙin, ya riƙa lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya. Kowane ya faɗa gurbinsa, ba ragi ba ƙari. Ya zuba wa hannun ido. Da ya saki, yatsun suka buɗe a hankali, sandar ta gangaro kan tabarma.

Ya ce, “Yaya, ki ce da wancan ya iya aiki. Sai dai wanda ya yi wa sandar ya riga ya tafi.”

A jikin katangar nan na gane kuskurena. Na fi kowa sanin hannun dama ne ya shanye. Amma da dama muke ci, da dama muke gaisawa, da dama muke bayarwa mu karɓa, kuma duk wanda ya taɓa zama a bencina dama ya miƙo mini. Da na ga wuƙar nan murna ta rufe mini ido, ko sau ɗaya ban tsaya na tambayi kaina da wane hannu ake riƙe wuƙa ba. Inna ba ta yi tunanin ba, Gwaggo ma haka. Mu duka mun taru mun nuna wa bawan Allah abin da ya rasa, an goge an shafa masa banish. Daga ranar ko soron ya daina fitowa.

Gwaggo ta dawo mini da sandar tana share ido da gefen mayafi, amma ita ba ta san karaya ba. Ta ce, “To, juya shi mana. Na dama a mai da shi na hagu, wani abu ne?”

Na ce mata ba haka ake yi ba. Hagun mutum ba ta zama daidai da damarsa, balle ta Baba da ƙayar kurungu ta taɓa sokewa tun yana saurayi, wani yatsa ya ƙage. Kuma ba mariƙi kaɗai ba ne. Mai fatsa da hannu ɗaya yake riƙe sanda, gaskiya ne, amma da ɗayan yake sa tana a ƙugiya, da shi yake naɗe zare, da shi yake cire kifi. Ni da nake cika baki da sana'a ban san yadda mai hannu ɗaya zai yi ba. Haushin kaina ya ishe ni, na ce sai na sani.

Na fara sammako bakin kogi da hannun damana a cuse cikin riga, na ɗaure shi da rawani a ƙugu don kada ya fito taimako. Ranar farko tanar da zan sa a ƙugiya ta fi ni wayo. In kama ta, ƙugiya ta juya. In danne ƙugiya da ƙafa, tanar ta zille. Na kama zare da haƙori, na kama wandona da ƙugiya, sau ɗaya har na kama kunnena. Masunta suna wucewa a kwale-kwale suna yi mini sannu. Wani abokin Baba ya ce, “Mai sanduna, mutanen ruwa ne suka karɓi hannun aro?” Na ce ya wuce ya ba ni wuri. Suka tafi suna ƙyaƙyatawa.

A hankali abin ya fara buɗe mini. Na gane dole gindin sandar ya yi tsawo ya kwanta a ƙarƙashin hannu har gwiwa, a sa masa maɗaurin fata, don nauyin ya bar wuyan hannu. Na cire kwarkwaron naɗe zare gaba ɗaya, na bar zare daidai tsawon sanda, a ɗaga kawai kifi ya taho. Na sassaƙa gwafa da za a kafa a yashi a jingina sandar, na kafa mata ɗan maƙalin katako irin na shanyar kaya. Shi zai riƙe ƙugiya a sa tana, shi zai riƙe ta a zare kifi. Ranar da na kama karfasa na cire ta na jefa a bokiti ba tare da hannun dama ya motsa ba, na zauna ina dariya ni kaɗai. Komai ya haɗu sai mariƙi, shi kuma na rantse ba zan sake yin sa da ka ba.

Gwaggo ta ce ta ji ta gani. Ta je wajen masu ginin tukwane ta samo yumɓu, ta dunƙula, ta kai wa Baba har ɗaki, ta ce likita ya ce a riƙa matsa wannan don jini ya gudana. Ya karɓa ya matsa. Ta ce yatsun sun fito raɗau, har zuciyarta ta yi fari. Ta miƙa hannu za ta karɓa, sai ya dube ta, ya dubi yumɓun, ya kifa shi a ƙasa ya danne da tafin hannu har ya zama waina. Ya ce, “Yaya, hannuna ne ya shanye, ba kaina ba.” Ta dawo tana faɗa, wai tun yana yaro haka yake, kafiya kamar jakin kai taki.

Abin da ban sani ba, labarin haukata yana shiga gida. Masunta in sun je gaishe shi ba su da hirar da ta fi ta ɗansa da ke zama bakin ruwa da hannu a ɗaure. Wata rana, in ji Inna ta bakin Gwaggo, sai ya ce, “A ina yake zama?” Aka ce a gindin tsamiyar da ke ƙasa da gada. Ya yi tsaki. “Babu kifi a nan. Yashi ne zalla. A gaya wa wancan ya gangara wajen duwatsu, inda ruwa ke juyawa.”

Tun da ya kwanta, wannan ce maganar kogi ta farko da ta fito daga bakinsa. Gwaggo ta kawo mini saƙon tana haki. Na ce na ji. Washegari na koma gindin tsamiyata na zauna. Ta ce, “Kai, ba ka ji abin da ya ce ba?” Na ce na ji sarai, kuma ba inda za ni. Ta tsaya tana kallona, can sai ta yi murmushi ta ce, “Ɗan banza, jininsa ne.”

Saƙo ya riƙa zuwa, kullum ya fi na jiya zafi. A gaya wa wancan tana ba ta kama tarwaɗa a wannan lokaci, ya nemi hanjin kaza. A gaya wa wancan inuwarsa tana faɗawa kan ruwa, kifi ba makaho ba ne. A gaya wa wancan yana zubar wa gidanmu da mutunci a gaban masunta. Ni kuwa na toshe kunne, na ci gaba da zama a inda babu kifi da tanata da inuwata. Aka ce ya dawo soro. Aka ce ya sa an juya tabarmar tana kallon hanya, don ya tare masu dawowa daga kogi ya ji abin da na aikata yau. Inna ta sa masa kifi a miya da gangan, ya cinye yana faɗan wautata bai lura ba.

Wata Alhamis da hantsi ina gasa gora a rumfa, sai na ji masu shayi da masu faci sun yi tsit, sannan gaisuwa ta tashi ta ko'ina. Na ɗaga kai. Baba ne yake tsallako titi, yana dogara sanda yana jan ƙafa, Gwaggo tana bayansa ta ɗaga wa motoci hannu. Daga gidanmu zuwa nan ba nisa, amma ya jiƙe da gumi. Na saki gorar a wuta na durƙusa. Bai dube ni ba. Ya wuce ya zauna a kan bencin masu saye, ya jingina sandarsa, ya huta. Sannan ya yi magana yana kallon titi.

“An ce mai rumfar nan ba ya sayar wa mutum sanda sai ya riƙe hannunsa.”

Na ce, “Haka ne, Baba.”

“To, ni ma saye na zo.”

Ya miƙo hannun hagu.

Gwaggo ce ta cire gorar daga wuta, don ni na manta da ita. Na matso a kan gwiwoyina na ɗauki igiyar awo na auna. Sannan na sa hannuna cikin nasa. Tafin yana da kauri da kaushi, igiyar birgi ta yi masa layi a wuyan hannu inda yake ɗaure ta, ga ƙagaggen yatsan ya karkace ciki, ba yadda za a yi in canke shi da ka. Hannun yana da ɗumi. Ina da 'ya'ya har na aurar, amma a lokacin nan ji na yi kamar yaron da aka kama wa hannu za a tsallakar da shi titi, kuma na so kada a yi saurin tsallakawa. Hawaye ya cika mini ido, na sunkuyar da kai don kada in ba shi kunya a gaban mutane. Sai na faɗi abin da nake faɗa wa kowa.

“Matse.”

Ya matse. Wallahi sai da ƙasusuwana suka yi ƙara. Na ji ƙarfin da ya rage a jikin mutumin nan, na san ba inda za shi yanzu, in Allah ya yarda. Ya daɗe bai saki ba, ya fi yadda awo ke bukata, yana ta kallon motocin da ke hawa gada. Da ya saki ya ce wa Gwaggo, “A gaya wa mai rumfa kada ya yi mini marar nauyi. Ni ba majinyaci ba ne.”

Na yi masa mai nauyi. Ranar da na gama sandar muka gangara tare, yana gaba ina biye da gwafa da bokiti, ya wuce tsamiyata ko kallo ba ta ishe shi ba, sai wajen duwatsu. Na kafa gwafar, na ɗaura masa maɗaurin, na nuna yadda maƙalin ke riƙe ƙugiya, ina yi wa iska bayani tun da ba zan ce ina koya masa ba. Ya sa hanjin kazarsa da kansa, ya wurga. Mariƙin ya zauna a hannunsa shiru. Masunta da ke wucewa suka rage tuƙi suka gaishe shi, ba wanda ya yi dariya. Ba a jima ba zare ya miƙe, gora ta lanƙwasa, ya ɗaga tarwaɗa tana ta bugun iska.

Na ja da baya don ya kai ta ga maƙalin ya cire da kansa, abin da na sha wahalar ƙirƙira kenan. Ya dubi gwafar, ya dubi kifin. Sai ya juyo da sandar ta wajena, tarwaɗar ta zo tana lilo a gabana. Ba Gwaggo a wurin, ba kowa da za a ba saƙo.

Ya ce, “Cire.”

Na cire na jefa a bokiti.

Yau damina ta zagayo har ta sake zagayowa. Rumfata ba ta buɗewa sai rana ta ɗaga, masu saye sun sani, in sun zo da wuri su sha shayi su jira. Har gobe bai kira sunana ba, kuma har gobe yana cewa fatsa aikin yara ne. Gwafar tana nan muna kafa ta kullum, da ita yake sa abincin ƙugiyarsa ba taimakon kowa. Amma cire kifi, ya ce maƙalin ba ya yi masa daidai. Ni na ƙera shi, na san lafiyarsa ƙalau. Ban taɓa cewa zan gyara ba, shi ma bai taɓa cewa a gyara ba.